Abin da Ka Rubuta a Gefen Shafi

Tasawa, 7 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Abdul Razak,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mariama da yara, Ya kuma sassauta muku zafin Agadas. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Damina ta yi kyau bana. Hatsin Korgom ya fid da kai har an fara gasa tumu, wake ma ya yi yaɗo yadda ake so. Inna tana nan da gwiwarta, ran da ta saki ta yi sallah a tsaye, ran da ta ƙi ta yi a zaune, kuma duk zuwan da na yi sai ta tambaye ni ko ka sa ranar tasowa. Ɗiyata Rukaiya tun da ta ci jarrabawar birbe ta gama koleji ba ta aikuwa ko sayen gishiri, wai ita yanzu ƴar lise ce. Uwargida Hindu lafiyarta ƙalau.

Za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Sabiru direba alhali shekaranjiya muka yi waya. Da gangan na yi. Na san halina, na san naka. In na ɗauko maganar nan a waya muryata za ta hau, kai kuma ka ce "To, Yaya", mu rabu ba a faɗi komai ba. Wata guda ke nan ina amsa kiranka, ina tambayar lafiyar yara, ban ɗauko maganar ba. Ka nemi wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe kafin ka taɓa waya. Maganar ta shafi zuwanka. Azuzuwan koleji biyun da na ƙara a lakwal ɗina, makarantar nan da na kafa, an gama su, an yi fenti, ofishin da na ce naka ne an sa masa ƙofa. Kai kuma ka ce takardar barin aikinka tana aljihu, ƙarshen watan nan za ka miƙa ta ka taho ka riƙe mini kolejin. Kada ka miƙa ta sai ka gama da wannan.

Ga yadda abin ya faro. Ran da muka rufe lakwal, ƙarshen Yuni, na tara malamaina biyar na yi musu faɗa. Na ce shekara guda cur ban ga ɗayansu riƙe da littafin da ba na aji ba, da an tashi shan iska kowa kansa a sunkuye kan waya, kuma malamin da ba ya karatu, abin da ya kwana a tukunya yake ɗumama wa yara. Har yanzu ban janye wannan magana ba. Madan Zara'u, direktiris, wato shugabar malaman, wadda ka sani ba ta ɗaga murya, ta ce sun ji, amma ba su da inda za su ara, tunda kuwa ga hutun damina wata uku a gabansu, Fondatar, wato ni mai makarantar, ya faɗa musu abin da za su karanta, su kuma za su karanta. Akwai wani yaro cikinsu, Mushe Bilal, wato Malam Bilal, ɗan Gidan Amumune, gwanin koyar da lissafi ne amma harshensa da kaifi. Shi ya ƙara da cewa ai ba sai an je nesa ba, gidan Fondatar ba ya rasa littattafai. Na ji ƙayar da ke cikin maganar. Na ce kowa ya dawo ranar Alhamis.

Ka san gidana. Ban da Alƙur'ani da littattafan makarantar Rukaiya babu wata takarda. Ranar Laraba na hau moto na tafi Korgom, na jawo akwatinka na ƙarfe daga ƙarƙashin gadon Inna. Ta ce kayan Abdul Razak ne, ban tambaye ka ba. Na ce ai gara ma in ta zo cin littattafan ba ta tambayarka. Littattafai sun fi arba'in a ciki, ga hadari ya taso, ba ni da lokacin bin su ɗaya-ɗaya. Sai na yi abin da na saba yi a kasuwa. In na sauka garin da ban sani ba, ba na tambayar shagon wa ya fi, dokin ƙofa nake dubawa, wanda ƙafa ta goge nan nake shiga. Na ware sababbi gefe, na ɗebi biyar da suka fi shan hannu, waɗanda bangonsu ya yi laushi, gefensu ya yi baƙi. Na ce wanda ƙanena ya jujjuya haka ba zai zama na banza ba.

Kuma ban raba su da ka ba, na duba bayan kowanne, na duba halin kowa. Madan Sa'adatu mai ajin ƙanana na ba ta ɗan littafin Hausa na tatsuniyoyi da kacici-kacici, don ta dawo da abin riƙe yara in sun gaji da allo. Madan Asiya na ba ta labarin wata ungozoma da aka tura ƙauyen da ba sa son ta. Mushe Lamine, da yake hutunsa bayan shanun mahaifinsa yake yin sa, na ba shi siririn nan na taurari, mai shiga aljihu. Daga baya ya ce mini ya ji daɗinsa, sai dai sunayen taurarin da tsohonsa ya sani sun fi na littafin yawa. Madan Zara'u na ba ta na binciken kisan kai, na ce mata wannan ba ya ƙara ilimi ko kaɗan, shi ya sa na ba ta, domin ita ko hutu aiki take mai da shi. Ta yi dariya.

Saura babban, mai shafi ɗari uku da wani abu, wanda ka liƙe bangonsa da sikoc. Shi ya fi duka shan hannu. Na karanta bayansa, na karanta shafi biyu na farko. Ɗan talaka ne ya fara da dako a kasuwar gyaɗa har ya zama attajiri, ya gina bene. Na ce shi ke nan, na san sauran. Na miƙa wa Mushe Bilal a gaban kowa na ce, "Mushe, wannan sau biyu na karanta shi. Mai son sanin yadda na tashi, ga ni nan a ciki." Haka na faɗa, ba zan rage ko harafi ba. Nan take Madan Zara'u ta tsara cewa duk mako biyu a yi musaya, ran kasuwa a ba ɗan kabu-kabu ya kai wa na gaba, ta yadda kafin a koma aji kowa ya zagaye biyar ɗin.

Tsakiyar Yuli na haɗu da Bilal a tasha. Ya gaishe ni har da rusunawar da bai saba ba, ya tambaye ni yaya bene. Na ce wane bene, ni da gidana ƙasa yake. Ya ce littafin nan ya yi daɗi ƙwarai, musamman bayanin da ke gefen shafi. Na ɗauka irin ƙananan bayanan nan ne da masu buga littafi ke sakawa. Na ce masa ai nan ne ma daɗin yake, ya bi su da kyau. Ya dube ni, ya ce in sha Allahu bai tsallake ko ɗaya ba. Bayan mako biyu Lamine ya shigo shago sayen ƙusa, mutumin da kullum sai mun yi rabin awa muna hirar shanu. Ya karɓi ƙusarsa ya fita bai yarda mun haɗa ido ba. Na fara jin akwai abin da ke yawo a bayana, amma ban san ta ina zan kama shi ba.

Farkon Agusta, ran kasuwa bayan azahar, Madan Zara'u ta zo shago. Ta tsaya har masu sayen siminti suka watse, sannan ta ce tana son magana a sito. Ta zaro littafin daga leda ta ce, "Alhaji, don Allah, ka karanta littafin nan?" Na ce ba a gabanta na ce sau biyu ba? Ba ta yi musu ba. Ta buɗe shafi na arba'in da uku ta juyo mini shi. A wurin, attajirin ya je asibiti yana koya wa likita yadda ake duba mara lafiya. A gefe, da kiriyo, wato fensir, an rubuta "Yaya Mutari sak". Ban buƙaci a faɗa mini hannun wa ba ne. Na san yadda kake lanƙwasa wutsiyar harafi, shekara uku ina karɓar takardunka daga Maradi. Ta buɗe wani shafin, ta buɗe wani. Na ce ya isa.

Ta ce ita ce ta uku da ya zo hannunta, kuma ta tsayar da shi, bai je wa Asiya da Sa'adatu ba. Ta ce ta ja kunnen Bilal, maganar ba ta fita daga cikin malamai ba. Ta nuna mini shekarar da ka rubuta a shafin farko, ta ce rubutun yaro ne ɗan ajin ƙarshe na lise, shekara ashirin da ɗaya ke nan, kuma tunda kiriyo ne, zama ɗaya ya isa ta goge shi tas a ci gaba da musaya. Na ce ta bar mini shi yadda yake. Ranar sau uku ina ɗaukar waya in ce maka ka yi zamanka a Agadas. Da na koma gida Hindu ta ga fuskata, na faɗa mata. Ta ajiye mini tuwo, ta ce ita ba ta shiga tsakanin wa da ƙane, amma tunda na ce wa mutane sau biyu na karanta, in daure in karanta ko sau ɗaya kafin in yanke hukunci. Daren nan ko tuwon ban ci ba.

Na karanta shi, Abdul Razak. Kwana ashirin da uku, tsakanin azahar da la'asar, a sito kan buhunan siminti, da ƙamus ɗin Rukaiya a cinya. Faransancin wanda ya tsaya a katiriyem, aji uku na koleji, ya yi tsatsa, makon farko ina gama shafi goma kaina na sarawa. Daga baya ya saki, har wata rana mai sayen rodi ya yi sallama sau uku ban ji ba. Littafi ne mai kyau, wannan ba zan hana shi ba. Wanda ya rubuta shi ya zauna a kasuwa. Ya san warin buhun gyaɗar da ruwa ya taɓa, ya san yadda mai awo ke sa babban yatsa cikin tiya. Ko yau aka ce in zaɓa wa malami abin karantawa a hutu, shi zan fara miƙawa, domin ƴaƴan irin mutanen nan suke koyarwa.

Wuri talatin da ɗaya ka sa sunana. Na bi su kamar mai duba buhuna, ina ware na kirki da na banza. Inda yake katse mutane kafin su kai aya, ni ne. Inda ya sayi tabarau don a ce ya yi karatu, ban yi wannan ba, amma na yi abin da ya fi shi ranar Alhamis ɗin nan. Inda ba ya barin ƙannensa su haɗiye loma sai ya tuna musu wanda ya sayo shinkafar, na daɗe a kan shafin. Ran da na kai shafi na ɗari da sha biyu na riga na rubuta maka wata takarda, fuska biyu, ba komai a cikinta sai jerin abin da na yi maka tun daga takalmin farko. Ina buɗe shafin na tarar da attajirin ya tara ƙannensa yana yi musu wannan jerin, ga sunana a gefe. Na yage takardar. Kuma na lura da wani abu, zan faɗa don kada in zalunce ka. Inda yake tauye mudu, da inda ya kori tsohon yaronsa ran da ya makance, ba ka sa sunana ba. Na gani.

Talatin daga ciki na iya ɗauka. Wasu gaskiya ne, wasu ƙuruciya ce, duka ba su fi ƙarfina ba. Na shafi na ɗari biyu da bakwai shi ne dalilin wannan takarda. A wurin an aiko wa attajirin cewa mahaifinsa ya rasu, shi kuma ana yi masa lodin mota, ya ce mamaci ba ya tashi amma farashi yana faɗuwa, ya ƙi tafiya. Nan ba sunana kaɗai ka rubuta ba. Ka ja layi biyu har kiriyon ya kusa huda takarda, ka sa ranar da Baba ya rasu.

To ga abin da ba ka sani ba. Kwana uku kafin rasuwar Baba, motar ayar da na yi lodi ta kife da mu bayan Jibiya. Ina saman kaya. Mutum ɗaya ya mutu nan take, ni ƙafata ta karye a cinya. Mutanen wani ƙauye suka ɗauke ni a amalanke suka kai ni gidan maɗori, na yi mako shida a kwance kan tabarma, ko juyawa sai an juya ni. Rana ta tara wani direban Tasawa ya gano inda nake, shi ya faɗa mini an binne Baba. Na roƙe shi ya rufa mini asiri, ya ce muku kasuwa ce ta riƙe ni. Na gaya wa kaina don Inna na yi, kada a haɗa mata takaba da jinya, kuma don kai, da saura wata biyu ka zauna jarrabawar Bak ta gama lise. Waɗannan gaskiya ne, amma akwai na uku, kuma shi ya fi nauyi. Na bar Korgom da cika baki, ga ayata duka ta zube a rami, ban so masu zama gindin bishiyar bedi su ce ga inda ta ƙare. Da na dawo bayan addu'ar arba'in ina ɗingishi, na ce muku daga moto na faɗo. Hindu kaɗai ta sani, ita ma sai bayan aurenmu da ta ga tabon. Inna ba ta sani ba har yau, kuma ni zan faɗa mata da bakina, kada ka riga ni.

Saboda haka ba na cewa ka yi mini ƙazafi. Abin da na aiko aka faɗa maka, shi ka rubuta. Amma shekara ashirin da ɗaya muna sa hannu a kwano ɗaya, ni na yi maka walicci, ni na yi wa ɗanka Ammar huɗuba, kana kallona da wannan a cikinka, ko sau ɗaya ba ka ce Yaya me ya hana ka zuwa ba. Na san za ka ce ba a tambayata. Wannan ma yana cikin talatin ɗin, na karɓa. Sai dai ban san ko yaron nan ne kaɗai ya ja layin, ko har yanzu mutumin da zan damƙa wa makullin koleji yana nan a kansa.

Ranar ashirin da biyar ga wata malamai za su taru, kowa ya faɗi abin da ya karanta. Bilal ya aiko ta bakin Madan Zara'u cewa babban littafin ya kamata Fondatar ya yi bayaninsa da kansa, tunda shi ya fi kowa saninsa. Ta so ta hana, na ce a gaya masa na amsa. Zan tsaya a gabansu in ce ran da na ba su ban karanta ba, yanzu na karanta sau ɗaya, ga abin da na gani a ciki. Zan ce rubutun gefe na ƙanena ne, kuma mafi yawansa ya dace. Su yi dariyarsu, rana ɗaya ce. Daga nan littafin ya shiga kabad ɗin malamai tare da sauran huɗun, Asiya da Sa'adatu su ɗauka in sun so. Sauran na akwatinka kuwa ban ƙara taɓa su ba. Zaɓen na baɗi na bar wa wanda ya karanta su.

Abin da ba zan iya ba shi ne in shigo lakwal kowace safiya, in gaisa da mai riƙe mini koleji, alhali yana ganin na zaɓi buhun aya a kan gawar ubana. Gara ajin ya zauna a rufe shekara guda. Don haka ga yadda za a yi. Ka nemi izinin kwana uku ka zo kafin ashirin da biyar, takardar barin aikin tana aljihunka. In ka sauka tasha kada ka wuce Korgom, ka fara biyowa shago. Zan nuna maka ƙafar, zan ba ka littafin da gom na goge kiriyo. Talatin ɗin kada ka taɓa su. Na shafi na ɗari biyu da bakwai, in zuciyarka ta yarda da abin da na faɗa, ka goge shi da hannunka a gabana, in ba ka makulli, ka koma ka miƙa takardarka. In ka ga hannunka ya ƙi, kada ka goge don kunyata, zan gane. Ka ajiye gom ɗin, mu hau moto mu je mu gaida Inna, ka koma bakin aikinka. Kana nan ƙanena, gidana gidanka ne, sai dai koleji in nemi wani.

Ka gaida Mariama da kyau, ka ce Hindu ta ba Sabiru ƙullin kuka da daddawa ya kawo mata. Ka shafa mini kan Ammar da Kadijatu. Inna tana sa muku albarka, Rukaiya tana gaida babanta ƙarami. Sabiru zai juyo ranar Laraba. Ba sai ka ba shi amsa ba, ranar saukarka kawai nake so in sani. Allah Ya kawo ka lafiya, Ya jiƙan Baba, Ya sa mu gama da juna lafiya.

Ni ne yayanka,
Mutari